Matar da Aka Kashe wa Taki

Direban motar kaya yana jiran lodi a bayan kasuwar kayan miya, idonsa ya faɗa kan wata mata. Dattijuwa ce siririya, ta sha ɗamara da tsohon gyale, takalmin robarta ya tsage a dunduniya. Bai san ta ba, amma baƙar ƙasar da ta zauna a farcenta ta gaya masa sana'arta.

Tana durƙushe gaban tulin ganyen kabeji da ɓawon albasa. Ta cusa hannu ciki har gwiwa, ta zaro, fuskarta ta haɗe.

"Ya yi sanyi!" ta daka wa mai feshin maganin ƙwari na kasuwar tsawa, yana tsaye gefe da tankinsa. "Jiya da zafinsa kamar murhu. Wa ya sa ka fesa masa magani?"

"Iya, fumfuna ce fa ta rufe shi. Cuta ce."

"Cutar gidanku! Farin nan shi ke cinye ganyen, shi da ƙananan halittun da idonka ba ya gani. Sati bakwai ina juya shi, ina ba shi ruwa don ya zama taki. Ka kashe min ma'aikata, kana min likitanci!"

Direban yana zaton akwai ɗan lambu a wani wuri mai jiran takin nan, da jikoki masu jiran lambun.

Mai feshi ya saɓa tankinsa ya sulale. Ita kuwa tana huci, tana share sabon wuri da shebur don tara wani tulin.

"Gobe ma ka zo da tankinka," in ji ta. "Ina nan."