Tanti Fatuma da Ƙafar Hagun Sadiya

Kowace safiya Tanti Fatuma takan fito daga unguwar Kirkissoye, ta haye gadar kogi a motar haya ta faba-faba, ta isa asibiti kafin masu ɗingishi su cika benci. A ɗakin kine take aiki, inda ake sake koya wa gaɓa motsi bayan an yi mata aiki. Ba ta da fara'a, wannan kowa ya sani. Za ta shafa mai, ta kama ƙafarka ta lanƙwasa har ka kira sunan uwarka, ita kuwa ko a jikinta. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, don yatsunta sun kumbura, ba sa iya riƙe ƙafar kowa.

Cikin waɗanda suka bi ta hannunta akwai Sadiya, budurwa mai ɗinki a unguwar Bobiel, wadda ta zo Yamai daga Tawa ba ta da komai sai keken ɗinkinta. Kabu-kabu ya kayar da ita, idon sawunta na dama ya farfashe, lokotoro ya haɗa shi da ƙarfe. Da ƙafar nan take taka keke, ita ce cinta, ita ce shanta.

Wata da watanni tana kwance tana jin kekunan maƙwabta suna gudu. Masu dubiya su shigo su ce, "Sannu, za ki miƙe garau kamar ba a yi ba." Haka muke, ba ma faɗa wa majinyaci abin da zai sosa masa rai. Sadiya ta riƙe maganar, ta ƙi taɓa keke sai ƙafar ta koma yadda take. Masu kawo ɗinki suka gaji da jira, suka kwashe yadinsu ɗaya bayan ɗaya.

Wata rana ana murza ta, ta ce, "Tanti, yaushe zan koma ɗinki?"

Tanti Fatuma ba ta ɗaga kai ba. "Ɗiyata, ƙafar nan za ta kai ki kasuwa, za ta kai ki Tawa. Amma keke kam, ta gama."

Sadiya ta yi kuka har na waje suka jiyo ta. Ta kira ta muguwa, ta daina zuwa. Ranar Lahadi sai ga Tanti a bakin ƙofarta, ta sha tambaya gida-gida kafin ta gano ɗakin. Ta yaye zanen da aka rufe keken da shi, ta ce, "Ɗora ta hagu." Keken ya riƙa komawa baya, zare na tsinkewa, allura ta karye. Tsohuwar ta durƙusa a ƙasa, ta riƙe ƙafar da kumburarrun yatsunta tana danna mata, Lahadi bayan Lahadi.

Yau Sadiya tana ɗinki da hagu, sannu a hankali. Ɗingishi bai bar ta ba, yawancin masu kawo mata aiki ba su dawo ba, kuma in ta ga sa'o'inta suna sauri a hanya, takan juya kai. Amma ba ta tattara ta koma gida ba.

Ke ce kika yarda a tsane ki, Tanti Fatuma, lokacin da mu muke ta neman a ce muna da kirki. Uwar masu karaya, tafiyarki ta yi mana ciwo, don ba mu ga mai zama wurinki ba. Mun gode, Allah ya saka miki, ya sassauta miki ciwon hannuwan nan.

Mu kuma masu zuwa dubiya, mu yi koyi da ita. Wanda ya san gaskiya mai ɗaci ya faɗa wa mai ciwo, amma kada ya tafi ya bar shi da ita shi kaɗai.