Ƙorafin Malam Arzika Yana Layi na Takwas

Malam Arzika ya shekara talatin da ɗaya yana koyar da lissafi a firamare, da ya yi ritaya ya koma fadamar Gulma. Manoman albasa na wajen, famfon ban ruwa huɗu suke rabawa, kullum cikin rigimar wa zai sha yau, wa zai jira. Shi suka ɗora wa rabon, domin mutum ne da ko ƙaninsa ba ya tsallakar wa layi.

A takarda yake yi, har 'yarsa Hanifa ta bar masa tsohuwar kwamfutarta mai Windows 7, ta sa masa wata manhajar kyauta mai tsara ranakun ban ruwa. Ni, Munzali, na rubuta ta a ɗakina a Nasarawa, Birnin Kebbi, da yaren Python, na sake ta a fili kowa ya ɗauka ya gyara.

Bana kaina ya kumbura. Wani ƙunshin lissafin kwanaki da manhajar ta dogara da shi ya daina aiki da tsohon Python, ni kuma na gaji da lallaɓa kwamfutocin zamanin da. Na canza layi guda: daga yau sai Python 3.10. Na manta manhajar tana sabunta kanta da ta ji intanet, kuma Windows 7 ba ya ɗaukar sabon Python. Ta Malam ta sabunta, ta ƙi buɗewa.

Ya rubuto a shafin ƙorafi na manhajar. Kanun saƙon: "Ina gaisuwa." Ya iyali, ya aiki, ya gajiya, Allah ya saka da alheri. Na karanta layi uku, na ce godiya ce, na amsa "Na gode, Baba," na rufe. Ƙorafin yana layi na takwas. Ni da na tashi a gidan da ba a faɗin abin da ke tafe da mutum sai an gama gaisawa! Har yau in na tuna sai kunya ta rufe ni.

Bayan sati uku Hanifa ta kira ni, ba ta ko gaishe ni ba. Na shiga mota zuwa Argungu, na hau mashin zuwa Gulma. Ashe Malam ya koma takarda, yana fito da sunaye arba'in da bakwai daga ka, sai ya tsallake wani manomi, Maigandi, har kwana shida. Dashen Maigandi ya ƙone. Aka ce tsoho ya fara son kai.

A zaurensa na maido tsohon zubin manhajar, na ɗaure ƙunshin a kan wanda ke aiki da tsohon Python. Minti goma kacal.

"Baba, don me ba ku sake rubutowa ba?"

"Ai na ga amsa taka. Na ce ƙila abin ya hi ƙarhinka, ban so in ba ka kunya gaban mutane ba."

Na rasa inda zan sa fuskata. Ya duba jerin sunayen, ga Maigandi a ranarsa. Ya rufe kwamfutar a hankali, ya miƙo mini.

"Gyara ya yi kyau, ɗana. Sai ka kai ma maƙwabcina Tamba. Shi munka ba rabon tun wancan sati."