Carbin Sahabi

Yayana Sahabi ba malami ba ne, amma a shekarar 1998 da wuya ka shiga masallacin unguwarmu a Bungudu ba ka ga aikin hannunsa ba. Shekara tara ya yi a ƙasar Nupe yana koyon narka kwalba. Da ya dawo ya kori awakina daga bayan ɗaki, ya gina tanderu da ƙasar suri da ɓuntun shinkafa. Na yi masifa har na gaji, ko kallona bai yi ba.

Yakan ɗebo narkakken gilashi a bakin bututun ƙarfe, ya hura har kumatunsa su kumbura, sai ga gilashin fitila ko 'yar kwalbar turare. Amma abin da ya fito da sunansa carbi ne, kore shar. Shi yake yin ƙwayoyin, ni nake shirya su a zare, in rufe da ƙulli biyu irin nawa. Malam Bello, mai jan sallah in liman ba ya nan, shi ya fara saye, shi ya kuma jawo Sahabi sahun gaba. Wannan matsayi ya fi masa komai daɗi, bawan Allah.

Kwalaben kuwa daga Gusau yake samo su, wajen Jonathan mai shagon abin sha, a farfashe cikin buhu. Sai ya wanke su sau bakwai kafin su ga wuta.

Da damina ruwa ya ci gindin tanderun, ya rufta. Sahabi ya sake kwaɓa ƙasa, ya ɗaga gindi da duwatsun Tsafe, ya yi wata biyu yana jiran ginin ya bushe don kada ya tsage. Ranar da ya bushe ɗoki ya kwashe shi. Bai tsaya an fasa kwalaben ba, ya loda su a amalanke daga tasha, tsakar rana, takardun giya manne a jikinsu.

Kafin la'asar zance ya gama unguwa. Washegari muka tarar an dawo da carbin Sahabi, zube a ƙofar gida, fiye da talatin, kamar an watsa wa kaji tsaba. Sahabi ya bi mutane yana bayani, cewa ya wanke, cewa wuta ta cinye komai. Malam Bello ya ce shi bai ce haramun ba ne, amma dai Sahabi ya riƙa tsayawa sahun baya. Wai shi bai ce ba! Raina ya ɓaci, har yau bai gyaru ba.

Sabon tanderun ko sau ɗaya ba a hura masa wuta ba. Sahabi ya koma noma a 'Yandoto, bayan shekara ciwon ƙirji ya ɗauke shi. Kaji ne ke ƙwai a cikin tanderun yanzu.

Ranar sadakar uku Malam Bello ya shigo yi mana gaisuwa, yana jan koren carbi. Na ce masa:

"Malam, halan naka bai taɓa giya ba?"

"Wanga daga Makka aka kawo mini shi," in ji shi.

Na dubi ƙarshen zaren. Ƙulli biyu ne.