Katin Yashe Magudana

Shekarar da aka zaɓe ni magatakardan ƙungiyar masu noman rani ta garinmu, ba don na fi kowa sanin noma aka zaɓe ni ba. Ni malamin firamare ne, gonar tawa ma ba ta taka kara ta karya ba. Abin da ya jawo mini kujerar shi ne ina da babbar waya, kuma shugaban ƙungiyar ƙanen mahaifiyata ne. Kawu ya miƙe a taro ya ce, "A ba malamin makaranta, shi ya saba da biro." Kowa ya ce ya yarda, don dama babu mai son aikin.

Garinmu yana tsakanin Kura da Bunkure, a bakin wata ƙaramar magudana da ke ɗauko ruwa daga babba ta ratsa gonakinmu. Gonakin da ke kusa da ƙofar ruwa su ke fara sha, kuma gonar Kawu ce ta farko. Mutanen ƙarshen magudana kuwa sai abin da aka rage musu. A ƙa'ida, duk shekara ana fitowa gayya a yashe laka, a sare ciyawar da ta toshe hanyar ruwa. Abin da muka saba shi ne a yi taro uku a kan maganar, a ci gyaɗa, a yi addu'a, a watse.

A wannan shekarar ne wata ƙungiyar taimakon manoma ta turo mana jami'arta daga Kano. Hajiya muke ce mata. Ta tara mu a ajin makarantarmu, ta nuna mana wani allo da ke cikin intanet, an raba shi gida uku. Gidan farko an rubuta "Za a yi", na tsakiya "Ana kan yi", na ƙarshe "An gama". Kowane aiki sai a yi masa kati, a rubuta wanda zai yi shi. In an fara, a ja katin da yatsa zuwa tsakiya. In an kammala, a kai shi gidan ƙarshe. Ta bi duk mai babbar waya a ajin ta shigar da shi.

Kawu ya ƙare wa allon kallo, ya ce, "Hajiya, in an ja katin nan, wa yake gani?"

Ta ce, "Kowa, Alhaji. Ni ina gani daga ofis, shugabannina ma suna gani."

Kawu ya gyara zaman hularsa.

Ranar muka yi kati bakwai. Mafi girmansu shi ne "Yashe magudana daga ƙofa zuwa ƙarshe".

Bayan mako guda Kawu ya aika a kira ni shagonsa na taki. Ko zama ban yi ba ya ce, "Malam, ina katin yashe yake?"

Na ce, "Yana gidan farko, Kawu. Ai ba a fara ba."

"Ba a fara ba? Shekaranjiya me muka yi a ƙofar gidana?"

"Taro."

"Taro a kan me?"

"A kan yashe."

"To, taro ba aiki ba ne? Tura shi tsakiya."

Na tura. Mako biyu bayan nan muka sake zama, aka sa ranar gayya. Ana watsewa Kawu ya riƙo hannuna, ya ce in kai katin gidan ƙarshe. Na ce ai ko shebur ɗaya ba a sa a laka ba. Ya dube ni irin kallon da ake wa yaron da ya yi karatu ya rasa hankali, ya ce, "An sa rana ko ba a sa ba? Rana ba ta ƙarya. Abin da aka sa wa rana ai ya ƙare."

Zan so in ce na yi gardama mai tsawo. Ban yi ba. Yatsana ne ya ja katin, kuma ya tafi sumul, ko tirjiya babu. Ranar gayyar kuma ta faɗo daidai da ɗaurin aure a Kadawa, aka ɗage ta har sai abin da hali ya yi.

Washegari Hajiya ta turo saƙon yabo, har da hoton tafi. Kawu ya sa na karanta wa mutane a gindin masallaci sau biyu. Daga nan ya kamu da son gidan ƙarshe. Ya gano cewa ba a hana mutum ya yi sabon kati ya kai shi can a zama ɗaya. Muka yi katin "Taron tattauna yashe". Muka yi na "Sanar da jama'a sakamakon taro". Har "Share ajin taro" ya samu kati. Kafin tumatir ya fara fure, Hajiya ta ce a duk ƙungiyoyin da take kula da su babu mai cikar gidan ƙarshe kamar tamu.

Da ofishinsu ya kawo dokar a riƙa haɗa kati da hoto, na ɗauka asirinmu ya tonu. Kawu ko a jikinsa. Leburorinsa sun riga sun gyara magudanar da ke gefen gonarsa tas, tsawon taku kamar talatin, a ƙarƙashin wata darbejiya. Na ɗauke ta a hoto ta gabas, na ɗauke ta ta yamma, na dawo da la'asar na sake ɗauka, na rubuta a ƙarƙashinsu: farko, tsakiya, ƙarshe.

Wata safiya ina shirin shiga aji, na duba waya na ga katin yashe ya koma "Za a yi". Na ce matsalar sabis ce, na mayar da shi. Kafin a fita tara ya sake komawa. Sai na duba ƙasan katin, inda allon yake rubuta wanda ya taɓa shi. Wani dattijo ne Bafulatani, mai gonar albasa a can ƙarshen magudana, wanda tun kakansa suke zaune a gefen gari. Na manta shaf yana cikin ajin nan ranar da Hajiya ta zo. Yana da babbar waya don da ita yake tura wa dillalai hoton shanunsa. Ya haɗa hoton fangalinsa ya bushe ya tsattsage, ya rubuta a ƙasa: "Ruwa bai zo ba."

Kawu ya ce in cire shi daga allon. Na ce Hajiya kaɗai ke da ikon cire mutum. Ya ce to in je in yi masa magana, tunda ni ne mai bakin makaranta.

Na same shi tsugune a bakin gona, yana kallon albasar da kawunanta suka fara kwanciya. Na durƙusa na gaishe shi, na yi ta kewaye-kewaye, daga baya na ce, "Baffa, katin nan fa yana jawo magana."

Ya ce, "Malam, ni na gani a waya an ce an gama yashe. Na yi murna. Na yi sammako na buɗe bakin fangalina, na zauna ina jiran ruwa har rana ta take. Ko ruwan ne bai ga saƙon ba?"

Ya ci gaba, ba tare da ɗaga murya ba: "Hajiya ta ce kati aiki yake bi. Ranar da ruwa ya iso nan, ni da yatsana zan kai shi gidan ƙarshe. Ka gaishe da kawun naka."

Kawu da ya ji saƙon, sai ya ce in koya masa jan katin da kansa. Mutumin da shekara da shekaru bai san komai a babbar wayarsa ba sai amsa kira, a yammaci ɗaya ya ƙware. Aka shiga ja-in-ja. Kawu ya tura bayan asuba, dattijo ya dawo da shi kafin ya saki shanu. Kawu ya tura da azahar, dattijo ya mayar da shi da la'asar. Maganar ta zama abin hira a teburin mai shayi. Mutum zai zauna, kafin ya ce a haɗa masa shayi sai ya tambaya, "Yanzu katin yana ina?" Mutanen ƙarshen magudana, waɗanda da ba sa buɗe baki a taro, suka fara kai wa dattijon hotunan gonakinsu yana liƙawa.

Abin da ba mu sani ba shi ne duk motsin katin sai wayar Hajiya ta yi ƙara a Kano. Wata Talata sai ga motarta ba sanarwa. Ta ce tana so ta taka magudanar da ƙafarta. Muka fara daga ƙofar ruwa, Kawu yana gaba da babbar riga yana bayani. Da muka wuce darbejiyar, bayanin ya fara raguwa. Laka ta cika magudanar, ciyawa ta fi tsayin mutum, a wani wurin ma wani ya shuka rama a ciki. Hajiya ta juyo ta dube ni ta ce, "Malam, ni fa na ɗauka darbejiyar nan bin ku take yi, don a kowane hoto na gan ta." Da ƙasa za ta tsage da na shige.

Ba ta yi faɗa ba. Da muka kai ƙarshe ta gaisa da dattijon, ta dubi albasarsa, sannan ta ce wa Kawu, "Alhaji, albishir na kawo maka. Shugabannina sun ga ku ne kan gaba, sun ce Litinin mai zuwa za su zo su ga aikin da idonsu. Ban ce musu komai ba tukuna."

Abin da taro ya kasa yi a shekaru, tsoron kunya ya yi shi a kwana huɗu. Kawu ya sa aka yi shela. Aka fito da shebur da adda da kwanon sarki. Shi kansa ya tuɓe babbar riga, ya naɗe wando, ya shiga laka har gwiwa, yana ta kiran in ɗauke shi hoto. Ni hannuna ya yi kanta, har alli ya riƙa gagarata riƙewa a aji. Ran Asabar da yamma ruwa ya isa gonar dattijon, shi kuma ya cika maganarsa, ya ja katin. Sai dai fiye da rabin albasarsa ta riga ta tafi.

Baƙin sun zo ran Litinin, mota biyu. Suka tsaya a ƙofar ruwa, suka yi taku kaɗan, rana ta dame su, suka koma aji aka nuna musu allon a bango. Babbansu ya ce wannan shaida ce cewa fasahar zamani ta iso karkara. Aka ba Kawu takardar yabo, tana nan a shagonsa an sa mata gilashi.

Bayan sun tafi na koma wurin dattijon na ba shi haƙuri, don ni na san yatsan da ya fara jan katin. Ya ce babu komai, ya kuma roƙe ni in rubuta masa wata shawara da yake so a karanta a taro: daga yanzu a riƙa fara yashe daga ƙarshen magudana ana tahowa ƙofa, gonar shugaba ta zama ta ƙarshe. Da shekara ta zagayo na karanta, mutanen ƙarshe suka goya baya da babbar murya, babu yadda za a yi a ƙi. Kawu ya yi gyaran murya ya ce dama shi ya daɗe yana wannan tunanin. Ya ce in rubuta a littafin taro cewa shawarar shugaba ce, ni kuma na rubuta.