Kayan Raƙumin da Malam Mamuda Ya Sauke a Lambunmu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Talata, 11 ga Maris, 2003, wani direba da ya taso daga Zurmi ya tsaya a ƙofar gidana a Kaura Namoda, ya ce mini Allah Ya karɓi ran Malam Mamuda mai sassaƙar dutse, bayan ya daɗe yana fama da ciwon ƙirji. Ko da na isa, an riga an kai shi makwanci.

Malam Mamuda, duk ƙasar nan da dutsen niƙa aka san ka. Daga Zurmi har Shinkafi da wuya ka shiga gidan da babu aikin hannunka. Matan da mazajensu suka rasu sun shaide ka, kana zagayawa kana gyara musu dutsen da ya yi santsi, in sun miƙo wani abu ka ce su yi maka addu'a kawai. Ni kuwa abin da ya haɗa mu daban ne, kuma shi ya hana ni yin shiru.

Mahaifina, Alhaji Jibrin, da raƙuma ya yi rayuwarsa, yana ɗauko gyaɗa daga ƙauyuka zuwa tashar jirgin Kaura. Ya rasu bai bar ko hoto ɗaya ba. Mahaifiyata, Hajiya Kubura, ta tsufa, idonta ya tafi, kullum tana zaune ƙarƙashin mangwaron lambun da ke bayan gidana tana ba da labarinsa. Wata rana ta ce mini kamanninsa sun fara ɓace mata. Maganar nan ta tsaya mini a rai. Shi ne a damina ta 1999 na same ka na ce ka sassaƙa mini raƙumi a durƙushe, da kayansa a baya, a kafa shi kusa da tabarmarta, ko ta riƙa shafawa tana tunawa kafin ta bar duniya.

Sati biyu ka yi kana neman dutse. Kowanne ka ƙwanƙwasa shi da guduma, ka kara kunne, ka girgiza kai ka wuce. Ni mai gaggawa ne, tsohon hedimasta da ya saba a ce masa to, na ce kai wannan wane irin iyayi ne? Ka ce dutse mai tsaga a ciki ba ya ɓoye muryarsa. Da ka samu wanda ya yi maka, aka kawo shi lambu a amalanke, ka fara aiki.

Bayan raƙumin ya fara fitowa ke nan aka ƙaddamar da Shari'a a Gusau. Gari ya ɗauki wa'azi, kowa yana duba kansa. Babu wanda ya aiko maka da takarda, babu wanda ya tsare ka a hanya. Kai da kanka ka tafi Shinkafi wajen malaminka ka yi tambaya, ka dawo ka same ni a zaure.

"Malam Shu'aibu," ka ce, "ban iya sassaƙa mai rai. Hannuna ya ƙi, zuciyata ta ƙi."

Wallahi na yi abin kunya ran nan. Na tashi tsaye na ce maka matsoraci, na ce tsoron bakin mutane ya sa za ka bar tsohuwa ta mutu da burinta. Ba ka rama ba. Ka ce in ba ka kwana goma kawai, kada in bari a taɓa dutsen.

Ashe Moriki ka nufa. Sai daga baya na ji cewa ka bi kasuwar dabbobi kana cigiya, har ka gano wani tsoho mai suna Abbati wanda ya yi fatauci tare da mahaifina. Kwana uku kana zaune gabansa, yana nuna maka yadda Alhaji yake ɗaure taikunan gyaɗa, manyan buhunan fatar nan da ake aza wa raƙumi, domin bahago ne, ƙullinsa ba irin na kowa ba ne. Ka koya da igiya har hannunka ya saba, sannan ka dawo.

Ina fushi ban leƙa lambun ba, sai dai ina jin ƙarar gudumarka daga safe zuwa la'asar, tana haɗe da tarin nan naka. Wata biyu aka yi haka. Ranar da ka aiko a kira ni, na tarar ka cire duk abin da zai zama wuya da ƙafafu. Abin da ya rage taiki biyu ne jingine da juna a ƙasa, igiya ta zagaye su. A raina na ce, wannan ai kayan da babu mai su ne, me za ta gane a ciki?

Ka je da kanka ka riƙo sandarta. "Inna, taho ki ji," ka ce. Ta ɗora hannu tana bin igiyar a hankali har yatsunta suka kai ga ƙullin. Ta tsaya. Ta sake bi ta baya. Sai na ga hawaye.

"Wanga ɗaurin Alhaji na," in ji ta. "Haka yaka sauke su ƙohwar gida. Ya iso ke nan."

Ni da nake son in ba ta raƙumi a kan hanya, kai ka ba ta mijinta ya dawo gida. Shekara ɗaya da rabi ta ƙara a duniya, kuma ba a yi ranar da ba ta zauna jikin dutsen nan ba. Wurin ƙullin har ya yi sheƙi saboda shafa. Ta rasu da kamanninsa a zuciyarta, ta faɗa mini haka da bakinta kafin ta cika.

Na gode maka a ran nan, na sake gode maka a wajen zaman makokinta. Amma kalmar da na jefe ka da ita a zaure ban taɓa janye ta ba. Girman kai ya hana, kullum ina cewa sai na zo Zurmi. Ga shi na zo Zurmi na tarar da ƙasa a kanka. Matarka Zulaihat ta ce mini ba ka taɓa kawo zancen a gida ba, kullum da alheri kake ambatona. Wannan ya fi zagi yi mini ciwo. Ina faɗa yau kowa ya ji: Malam Mamuda ba matsoraci ba ne. Tsoron Allah ya ji, kuma bai bar tsohuwa da hannu wofi ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Malama Zulaihat, da 'ya'yansa Imran da Rukayya, da 'yan'uwansa masu sana'a, da mutanen Zurmi baki ɗaya. Allah Ya ba ku haƙurin rashinsa, Ya raya abin da ya bari. Ya Allah, Ka gafarta wa bawanKa Mamuda, Ka yalwata kabarinsa, Ka sa ciwon da ya sha ya zama kaffara. Ka yafe mini abin da na faɗa masa. Ya sauke kayansa, ya Rabbi, Ka sa a ce da shi ya iso gida. Amin.

Shu'aibu Jibrin
Kaura Namoda