Ranar da Na Kai Manemin Ƙanwata Gaban Doki

Ni dai a gidanmu an san ni da rashin yarda. Ko mai lemo ya ce mani "mai zaƙi ne", sai na sa ya yanka na ɗanɗana. Shi ya sa da wani ya fito neman auren ƙanwata, Baffa, ƙanin mahaifinmu da ya zame mana uba tun rasuwar tsohon, bai tsaya neman kowa ba. Ya aika aka kira ni Unguwar Gabas, ya ce, "Binciken nan naka ne. Abin da ka kawo mani, a kansa zan yanke magana."

Ƙanwar tawa ba yarinya ba ce. Malamar firamare ce a Samaru, mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya biyu, ta daɗe tana korar manema kamar ƙuda. Sai ga wannan, ta ce ta amince. Mutum ne mai furfura a gemu, yana da shagon abincin kaji kusa da kasuwar Samaru, yana ɗan ɗingishi in ya tashi daga zama. Ya girme ni nesa ba kusa ba, amma tun ranar farko "Yaya" yake ce mani. Wannan ladabin ma bai kwanta mani ba.

Bincike ai ba wuya gare shi ba in mutum a gari ya yi rayuwarsa. Ka tambayi liman ko yana ganinsa a sahu, ka ji ta bakin maƙwabta, ka nemi abokan ƙuruciya, in ya taɓa aure ka lallaɓa wurin tsofaffin surukai. Duk wanda ya samu na bi. Liman ya yabe shi. Wata tsohuwa mai ƙosai a unguwar Jama'a ta san shi tun yana yawo ba wando, ta san uwarsa, ta san kakarsa. Amma labarin kowa a wuri ɗaya yake tsayawa: ya tafi Turai karatun likitan dabbobi yana saurayi, sai kawai aka gan shi ya dawo da furfura, ba takardar likita, ba mata, ba ɗa. Tsakanin tafiyar da dawowar, wajen shekara ashirin, babu mahaluƙi ɗaya a Zariya da zai ce ga abin da ya yi. To mene ne ba ya faruwa cikin shekara ashirin? Kurkuku ma mutum ya isa ya shiga ya fito.

Na same shi a shago na tambaye shi ba kwana-kwana. Ya ba ni kujera da ruwan sanyi, ya ce karatun ne ya gagara, sai ya kama aiki a bargar wani Bature. Daga kwashe kashin doki aka lura dawakin na jin sa, aka fara ɗora shi, har ya kai ga shiga gasa. Wai gasar ta kwana uku ce, doki ɗaya, mahayi ɗaya. Ranar farko ba tsalle ba tsere, doki zai yi ta takawa a fili cikin natsuwa, ya juya, ya ja da baya, alƙalai na zuba ido ko za su ga yana gardama da mahayinsa. Rana ta biyu a shiga daji a guje, a tsallake gungume da rami, a faɗa ruwa a fito. Rana ta uku, da gajiyar jiya a ƙafafun dokin, a dawo fili a tsallake sandunan da ko kofato ya shafe su sai su zubo. Wai ya yi wannan a ƙasashe da dama, a kan dawakin masu hali.

Na ce, "To Malam, ina kofunan?"

Ya ce ai na mai doki ne. Ya ciro waya ya nuna mani wani tsohon bidiyo, farin doki ya tsallake katako ya faɗa tafki, a kansa wani ɗan mitsitsin mutum da hular kwano da matsattsen wando. Baƙar fata ne, wannan kam na gani. Amma fuska fa? Ni ma sai in ce ni ne. Sunansa kuma, ko an gan shi a rubuce, irin wanda in ka kira a masallacin Juma'a sahu guda zai waiwayo.

Na fito ina cewa a raina, kai, wannan ya iya tsara zance! Mu nan mun ga masu dawowa iri-iri. Wanda ya yi gadi ya ce injiniya ne, wanda ya wanke kwanuka ya ce otal gare shi. Wannan ya fi su wayo, ya zaɓi abin da ba wanda ya sani balle ya ƙure shi.

Da na rasa mutum mai shaida, sai na ce to doki ya yi shaidar. Ina da aboki manomi a Bomo, yana da wani jan ingarma mai taurin kai da ya taɓa watsar da shi kansa cikin gonar dawa. Na shirya da shi ya ɗaura ma dokin sirdi ranar Asabar da hantsi, na kuma ce ma manemin ya raka ni duba gona. A bayan gidan abokin akwai wani ɗan kwari da ruwan damina ya zaizaye. Wanda ya tsallaka cikin tafki a Turai, ai wannan ba zai tsayar da shi ba.

Muna shiga ya ga doki a turke da sirdi a bayansa, ya tsaya cak. Ya dube ni ya yi ɗan murmushi.

"Yaya, ashe gonar ke nan."

Na ce, "Ita ce. Bismillah."

Ya matsa a hankali ta gefe, ya bar dokin ya shinshina hannunsa. Ya shafa wuyansa, ya bi ƙafar gaba da tafin hannu har kofato. Dokin da ke cizon mai shi sai ya sauke kai ya natsu. Abokina ya zungure ni, na ƙi kula shi, don ko mai sayar da harawa ya iya lallashin doki. Ni hawa nake jira. Ya kama linzami, ya ɗaga ƙafa wajen likkafa, sai na ga hannunsa na rawa, gumi na gangarowa daga ƙarƙashin hularsa. Ya mayar da ƙafar ƙasa.

"Ba zan iya ba," in ji shi.

Wallahi wani daɗi na ji, irin na wanda ya kama ɓarawo da hannu dumu-dumu.

Bai kalle ni ba, ya ci gaba da magana yana shafa wuyan dokin. Ya ce farin dokin nan na bidiyo sun yi shekaru tare. A gasarsa ta ƙarshe, rana ta biyu, ya ji a cinyoyinsa dokin ya gaji tun ba su kai ƙarshen daji ba. Mahayi na da damar ɗaga hannu ya janye. Bai ɗaga ba, don su ne a gaba, ga kuma mai dokin a tsaye yana kallo. A wani gungume dokin bai ɗauke ƙafafun gaba da kyau ba, suka wuntsila tare. Shi ƙugunsa ya karye. Dokin kuwa a nan wurin aka kewaye shi da labule aka gama da shi. Ya ce tun ranar bai ƙara sa ƙafa a likkafa ba. Ya ɗauka yau zai iya saboda ƙanwata.

Abokina har da share ido. Ni kuwa tambayar kaina nake yi: da ni ne maƙaryacin aka kawo ni gaban doki, wane labari zan bayar da ya fi wannan? Rawar hannun gaskiya ce, na gani da idona. Amma wanda bai taɓa hawa ba ma haka hannunsa zai yi a gaban wannan jan shaiɗanin. Na goyo shi a babur muka koma Samaru.

Kafin in je wurin Baffa sai na biya gidan ƙanwata. Na tarar tana duba aikin 'yan ajinta a tsakar gida. Na zayyana mata komai, na ce ni dai ban gamsu ba, kuma abin da zan faɗa ma Baffa ke nan. Shekara ashirin ba shaida, ga doki ya kasa hawa. In akwai wata mata da 'ya'ya a can fa? In ba doki ne ya karya mashi ƙugun ba fa?

Ta ajiye jan biro. Ta ce, "Yaya, baban yaran nan, wa ya yi bincikensa?"

Na ce marigayi Baba ne da kansa.

"An samu wanda ya faɗi aibinsa?"

Ba a samu ba. Duk Sabon Gari ta yi mashi shaida, daga limamai har 'yan kasuwa.

Ta naɗe hannun riga, ta miƙo mani hannunta na hagu, wanda ya ɗan karkace daga gwiwa zuwa ƙasa. Ta ce, "Wannan da aka ce maku santsin bayi ne, ba santsi ba ne."

Ashe mijin da duk gari ya yi ma shaida ne ya karya ta.

Ta sauke hannun rigar. Ta ce, "Shi kuwa wannan, tun kafin ya ce yana so na ya faɗa mani son zuciyarsa ya kashe dokin da ya yarda da shi. Ni ban taɓa zama da namijin da ya ce laifin nashi ne ba. In ma ƙarya ce, Yaya, ni zan zauna da ita, ba kai ba."

Da la'asar na samu Baffa a zaure. Ya ce, "To, me ka samo?"

Na ce, "Ban samo komai ba, Baffa. Kuma har yanzu zuciyata ba ta kwanta da shi ba."

"A hana ke nan?"



Na ce, "A ba shi. Amma gidan da za su zauna, ni zan nemo. A layinmu, inda zan riƙa jin motsinsu."