Nasiba da Albasar da Ruwa Ya Taɓa

Kullum da sassahe Nasiba Mahfuzu na zaune a biro, wato ofishin ƙungiyar manoman albasa a Madawa, talho a kunne. Tana sauraren saƙonnin murya daga Bangi da Tabotaki da Keita: wa ya haƙe, wa ya shanya. Sannan ta zuba labarin cikin na'urar da anka haɗa wa ƙungiya a Watsaf, mai amsa wa masu saye da Hausa da Faransanci, tana tallar kayanmu. Na'urar ba ta taɓa ganin albasa ba. Abin da Nasiba ta gaya mata shi take gaya wa duniya.

Shekara sha biyu tana biron, uku da na'urar. Ni manomi ne cikin ƙungiyar, ban yi lakkwal, wato boko, mai nisa ba, kuma ba na yabo don a ji daɗi.

Bara ruwa ya sauko da wuri, ya shiga rudunan Bangi, bukkokin da muke ajiyar albasa. Rabin albasar ya soma ruɓa. Alhaji Yaƙubu, babban mai sayenmu na Kumasi, ya riga ya iso Konni da kamiyo uku, manyan motocin kaya, na'urar kuwa tana ta gaya masa labarin wancan sati: kaya busasshe, lafiya lau.

Munka taru a biro. Shugabanmu Malam Yunusa ya ce a bar na'urar yadda take. Ai tun kakanni manya masu kyau ake ɗorawa a bakin buhu, in ji shi, na'urar ma bakin buhu ce. In Alhaji ya juya, wa zai kwashi kayan? Dukanmu munka goyi bayansa, har da ni.

Nasiba ta ce, "Baba, buhu ana zuba hannu a duba. Wannan kuwa rubutu ne, yana nan cikin talhonsa har Kumasi."

Yunusa ya ce in ta taɓa na'urar, ta aje makullin biro. Ta ɗauko hotunan da anka aiko daga Bangi, ruɓaɓɓu da masu kyau, ta sa wa na'ura, ta gyara bayani. Sannan ta aje makullin bisa tebur ta koma kan tabarma.

Azahar ta wuce, Alhaji shiru. Bayan la'asar kamiyo ɗaya tak ta shigo, biyu sunka tahi wani wuri. Alhaji ya zaunar da mu munka tsince albasa ɗaya bayan ɗaya, sauran munka zubar a kwari. Makulli dai an mayar mata, don babu wanda ya iya aikin, amma wata guda ban amsa gaisuwarta ba.

Bana ya dawo da kamiyo huɗu. Da anka kwance masa buhu don ya duba, ya ce a ɗaure, ya riga ya tambayi na'ura.

Ke ce kika tsaya, Nasiba, ranar da mu maza goma munka zame. Ɗiyar Mahfuzu, mai magana ɗaya. Allah Ya saka miki da alheri.

Ku kuma da ke riƙe da irin wannan na'ura a Buza da Keita, ku yi koyi da ita. Gaisuwar da na hana ta, ga ta yau gaban kowa.